Jabun kwandala a cikin canji

Ƙiftawar ido kawai mai buga jabun kwandala yake nema. Ana zuba maka canji a tafin hannu, ga mutum a bayanka yana jira, ka dubi launi da girma ka jefa a aljihu, shi ke nan ya ci ribarsa. Sauran ya rage ga wanda kwandalar za ta mutu a hannunsa. Saboda haka ƙoƙarinsa kusan duk a kan fuska yake ƙarewa, inda ido ke fara sauka. Gefe da nauyi da abin da ke cikin ƙarfen kuwa yakan bar su yadda suka zo, ni kuma can nake fara dubawa.

Na daɗe ina tara kwandalolin ƙasashe, irin na yau da gobe waɗanda suka sha hannu suka goge. 'Yan'uwa da abokai masu tafiye-tafiye sun san halina, in sun dawo sukan juye min ragowar aljihunsu a kan tebur. A cikin irin wannan tarkacen ne jabu ya fara faɗo min, ɗaya yau, ɗaya bayan watanni, har na ware masa faranti daban. Yanzu in an kawo min tsaba, wannan farantin nake fata ya ƙaru. Kwandalar gaske inji ne ya buga miliyoyin irinta, kowace daidai da 'yar'uwarta. Ta jabu kuwa akwai hannun mutum a jikinta, ana ganin inda ya ƙware da inda ya gaji da inda bai ma san akwai abin lura ba.

Kayan aikina ba su da yawa: ɗan sikeli mai batir da ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ƙaramin maganaɗisu, da madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Abin da ya fi su duka amfani shi ne kwandalar gaske ta wannan nau'in, a ajiye kusa da wadda ake zargi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, muddin an ba shi abin da zai gwada da shi. Wanda bai taɓa zama ya ƙura wa ta gaske ido ba, ba shi da abin da zai kama jabu da shi.

Makarantata a wannan harka ita ce tsohuwar kwandalar fam ɗaya ta Birtaniya, mai zagaye, wadda ta fito a 1983. Ƙarama ce, mai kauri, launin rawaya, nauyinta giram 9.5, faɗinta milimita 22.5, an haɗa ta da jan ƙarfe da tutiya da ɗan nikel. Ƙarfe ɗaya ne tun daga tsakiya har baki, darajarta kuma ta isa a sha wahala a kanta, don haka 'yan jabu suka yi mata caa. Zuwa 2014, gidan buga kuɗin ƙasar, Royal Mint, ya ƙiyasta cewa kusan uku cikin ɗari na fam ɗin da ke yawo jabu ne, wato wajen ɗaya cikin kowane talatin, kimanin miliyan 45. Ka tsaya ka yi tunanin wannan adadi. Duk wanda ya riƙa karɓar canji a ƙasar a waɗannan shekaru, da wuya a ce jabu bai ratsa ta aljihunsa ba, ya karɓa ya bayar bai sani ba.

Abin da ya sa wannan kwandala ke da daɗin nazari shi ne zanen bayanta yana sauyawa kusan kowace shekara, kuma kowane zane yana da rubutun gefen da ke tafiya da shi. A 1984 furen ƙaya na Scotland ne, gefe kuma NEMO ME IMPUNE LACESSIT. A 1985 wata irin albasa mai dogon ganye ce, alamar Wales, gefe kuma PLEIDIOL WYF I'M GWLAD. Zanen Ingila da tambarin masarauta suna ɗauke da DECUS ET TUTAMEN. Daga 2004 zuwa 2007 gadoji ne, su kuma ba kalmomi a gefensu, zanen layuka ne kawai. Hoton Sarauniya ma ya sauya a 1985, ya sake sauyawa a 1998, sannan a 2015. Dole ke nan abu huɗu su yarda da juna: shekara, kai, zanen baya da rubutun gefe. Mai jabu yakan sami biyu ko uku, da wuya ya haɗa huɗun.

Ga wata a gabana yanzu. A fuska an rubuta 1996, da kan Sarauniya na wancan zamanin, mai sarƙar wuya da 'yan kunne, kuma wallahi an yi aikin da kyau, har gashin kan ya fito. Na juya baya, sai ga dodon Wales mai fukafukai. Dodon nan a 1995 da 2000 aka buga shi. Zanen 1996 gicciye ne irin na Arewacin Ireland. Na karkata ta na dubi gefe: DECUS ET TUTAMEN, wanda bai taɓa tafiya da dodon ba. Haruffan kuma ba su zauna a layi ba, E na farko ya nutse, T biyu na ƙarshe sun kusa ɓacewa, tsaga-tsagan bakin wasu masu zurfi wasu kamar an shafe su da yatsa. A ta gaske haruffan nan tsaf suke, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Na ɗora ta a sikeli, ta gaza 9.5 da abin da ya fi ƙarfin gogewar hannu. Launinta ma ya fi na gaske haske, rawaya ce mai ɗaukar ido, alhali kwandalar da ta yi shekaru tana yawo ya kamata ta dusashe.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya iya. Riƙe kwandalar da yatsa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kan yana tsaye, ka juya ta gefe zuwa gefe. A kuɗin Birtaniya da na yuro, bayan ma zai fito a tsaye. A kuɗin Amurka sai ka kifa ta daga sama zuwa ƙasa kafin bayan ya tsaya. Injin gwamnati yana kulle hatiman biyu da ke buga fuska da baya a wuri ɗaya, na 'yan jabu kuwa sau da yawa yana motsi, sai ka ga bayan ya karkace ya kwanta a gefe.

Birtaniya dai ta gaji ta sauya kuɗin. A ranar 28 ga Maris 2017 sabuwar fam ta fito, mai kusurwa 12, ƙarfe biyu, rawaya a zobe fari a tsakiya, giram 8.75. A ƙarƙashin kan Sarauniya akwai ɗan wuri da ke nuna alamar fam in ka duba ta nan, ya koma lamba 1 in ka karkata, ga kuma ƙananan haruffa a bakin ciki da sai da madubi ake karanta su. Tsohuwar ta daina karɓuwa a watan Oktoba na wannan shekarar.

Hanya biyu ake bi a yi jabu, kuma kowace tana barin shaidarta. Ta farko zubi ce: a danna kwandalar gaske a yi mazubi, a narka ƙarfe mai arha, sau da yawa dalma da kuza, a zuba, sannan a shafa launi. Irin wannan fuskarta takan yi laushi, haruffa su kumbura su rasa kaifi, jiki ya cika da ƙananan ramuka kamar zanen zanzana, a gefe kuma sau da yawa za ka ga siririn layi inda rabin mazubi ya haɗu da ɗayan, ko alamar inda aka goge shi da zarto. In ka goga ta a farar takarda takan bar baƙin layi, in ta kwana biyu a aljihu launin ya fara ɓarewa a wurare masu tudu, toka-toka ya leƙo. Wannan aikin ƙananan 'yan jabu ne. Ta biyun bugu ce da hatimin ƙarfe da injin matsa, kamar yadda gwamnati ke yi, kuma nan ne manyan suke, masu jari da ma'aikata. Tasu tana da kaifi, nauyinta ma yakan zo kusa, sai a haɗin ƙarfe da aikin gefe ake kama su.

Mutane suna son gwajin amo, a jefa kwandala a kan dutse a saurara. Ga azurfa yana aiki, don tana da doguwar ƙara mai zaƙi, dalma kuma tim take faɗuwa. Amma ga ƙananan kwandaloli masu kauri ban cika dogara da shi ba, ta gasken ma ba ta da wani amo.

Maganaɗisu ya fi amo faɗin gaskiya, musamman a kan yuro. Tun da kwandalolin yuro suka fito a 2002, ta yuro biyu ce aka fi yi wa jabu, kamar yadda rahotannin Hukumar Tarayyar Turai ke nunawa shekara bayan shekara. Nauyinta giram 8.5 ne, kuma tsakiyarta hawa uku ce, da siririn nikel a ciki. Wannan nikel ɗin ne ke sa maganaɗisu ya ɗan kama tsakiyar, ya ɗaga ta, amma da ka girgiza hannu kaɗan ta faɗi. Zoben waje kuwa ba ya kamawa ko kaɗan. Jabun da na gwada sun kasu biyu: ko dai maganaɗisu ya wuce su kamar ba ƙarfe ba, ko kuma ya cafke su ƙam, har da zoben, sai ka ja da ƙarfi. Wannan ɗan kamu na tsaka-tsaki yana da wuyar kwaikwayo, domin sai an haɗa hawa ukun nan, kuma haɗa su tsada ne. Santi 10 da 20 da 50 na gaske ba sa kamawa sam, santi 1 da 2 da 5 kuma suna kamawa sosai, don baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. A gefen yuro biyu ma wasu ƙasashe suna da nasu rubutun: Jamus ta rubuta EINIGKEIT UND RECHT UND FREIHEIT, Holan GOD ZIJ MET ONS. Bayan Jamus da gefen wata ƙasa ya isa ya sa ka ɗauko madubi.

Sai dai a yi hattara, kada maganaɗisu ya sa a yi wa mutum ƙazafi. Gwamnatoci da kansu suna sauya ƙarfe in ya yi tsada. Kwabo ɗaya da kwabo biyu na Birtaniya sun koma baƙin ƙarfe mai rufi a 1992, na biyar da na goma suka biyo baya wajen 2012, don haka za ka riƙe biyu masu zane iri ɗaya, ɗaya ta kama ɗaya ta ƙi, dukansu na gaske. Kwandalar da ta kwana a ƙasa ko ta shiga wuta ko injin wanki ya tauna ta takan yi muni fiye da jabu. Gidan buga kuɗi ma yana kuskure, kuma irin wannan kuskuren masu tarawa nemansa suke yi ruwa a jallo. Ni ban yanke wa kwandala hukunci da alama ɗaya, sai biyu ko uku sun haɗu. Ko sun haɗu ɗin, wanda ya miƙo min ita kusan kullum shi ma miƙo masa aka yi, bai cancanci a ɗaga masa murya a gaban mutane ba.

Akwai kuma waɗanda na gaske ne a gidansu, amma suka shiga rigar wasu. Baht 10 ta Tailan da tsohuwar lira 500 ta Italiya duk zoben fari ne da tsakiya rawaya, girmansu kusa da na yuro biyu, darajarsu kuwa ba ta kai kusa ba. Lilangeni ɗaya ta Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ta taɓa zama daidai da tsohuwar fam a girma da nauyi da ƙarfe. Kama da wane ba ta wane, amma hannu mai sauri bai san haka ba. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce won 500 ta Koriya ta Kudu. Faɗinta ɗaya da tsohuwar yen 500 ta Japan ta kafin shekarar 2000, milimita 26.5, ƙarfensu iri ɗaya, sai dai won ɗin giram 7.7 ce, yen ɗin 7.2, darajar won ɗin kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na yen ɗin. Sai wasu suka riƙa ƙwaƙule ƙananan ramuka a jikin won ɗin har nauyin ya sauko, su zura a injinan sayar da kaya, su danna maɓallin fasa ciniki, inji ya dawo musu da yen ta gaske. Abin ya kai Japan ta sauya ƙarfen kwandalar a 2000, ta sake sabunta ta a 2021.

Wannan kokawa ta girmi duk ƙasashen da na ambata. A tsohuwar Atina, wajen shekara ta 375 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi dokar da ta zaunar da ma'aikaci na musamman a kasuwa yana tantance kuɗin azurfa, wanda ya samu da tagulla ko dalma a ciki a datse shi a cire shi daga yawo. Har yau ana tono tsoffin kuɗinsu masu hoton mujiya da saran da wani ya yi musu don ya ga cikin. Tsaga-tsagan gefe da rubutun gefe kuma an kawo su ne saboda masu ɗan yanke bakin azurfa su tara. Ingila ta fara buga DECUS ET TUTAMEN a gefen kuɗinta tun 1662. Isaac Newton, wanda aka sani da lissafi da kimiyya, an ba shi kula da gidan buga kuɗin Ingila a 1696, kuma bai ɗauki aikin da wasa ba: da kansa yake yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi, ya bi wani ƙwararren ɗan jabu, William Chaloner, har aka rataye shi a 1699.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Jabu ba ya cutar da wanda ya buga shi, kuma da wuya ya cutar da mai kuɗi. Yana yawo ne hannu zuwa hannu har ya isa wurin da ake dubawa da gaske, injin banki ko injin tikiti, can ya tsaya. Wanda ke riƙe da shi a lokacin shi ne ya yi asara, banki kuma ba ya musanya jabu da na gaske. Sau da yawa wannan mutumin mai ƙaramin ciniki ne, wanda ribar yininsa tsaba ce. Na sha jin mutane suna cewa ai su ma ba su aka yi, don haka za su lallaɓa su tura gaba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Kafin ka gane, an cuce ka. Bayan ka gane ka miƙa, kai ne macucin, kuma ka zaɓi wanda ka ga ba zai duba ba, tsoho ko yaro ko mai gaggawa. Doka ma a nan take tsaye. Ta Birtaniya ta 1981 ta mai da miƙa kuɗin da ka san jabu ne laifi, har ma riƙe shi ba tare da halattaccen uzuri ba, ƙasashen yuro kuma suna so a kai shi banki ko wurin 'yan sanda. Duk mai sha'awar wannan tari ya fara sanin dokar ƙasar da yake ciki. Ni dai in jabun kuɗin da har yanzu ake kashewa ya zo hannuna, nakan auna shi, in ɗauki hoton fuska da baya da gefe, in rubuta a littafina, in mayar wa wanda ya kawo shi ya kai banki a can. Waɗanda ke zama a farantina na kuɗin da aka riga aka janye ne, kowanne a 'yar ambulan da aka rubuta JABU da jan biro, don kada wata rana wani ya gaje su ya ɗauka na gaske ne.

Rubutun nan a littafi shi ne ya buɗe min abin da na fi jin daɗi a harkar, wato gane dangi. Kowane hatimi na jabu yana da tabonsa, tsaga ko rami ko harafin da ya gurɓace, kuma duk kwandalar da ya buga sai ta ɗauki tabon. Da haka ake gane cewa dubbai sun fito daga ɗaki ɗaya. Tarayyar Turai tana da cibiya da ke rarraba jabun yuro aji-aji ta wannan hanyar. A Kanada, a 2022, 'yan sanda sun kama kusan dubu goma na jabun dala biyu, kuma alamar da aka gane su da ita tana dagin gaba na farin beyar da ke bayan kwandalar, wanda ya fito a tsage.

Mafi shahara a wannan fanni shi ne Francis Henning na jihar New Jersey a Amurka, wanda ya buga jabun santi biyar a shekarun 1950, abin da kusan babu mai ɓata lokaci a kansa saboda ƙanƙantar daraja. Cikin shekarun da ya zaɓa har da 1944. Bai lura ba cewa a lokacin yaƙin duniya na biyu an cire nikel daga wannan kwandala an sa azurfa kashi 35 cikin ɗari, aka kuma buga babban harafi, P ko D ko S, a saman ginin da ke bayanta don a bambanta. Duk ta gaske ta 1944 tana da harafin. Tasa ba ta da shi. Masu tara kwandala ne suka fara ankara, kuma aka kama shi a 1955. Da yawa daga cikin nasa suna da wani ɗan rami a ƙafar harafin R na kalmar PLURIBUS, kuma yau masu tarawa suna biyan abin da ya ninka santi biyar nesa ba kusa ba don su same su.

Ni ma na sami dangina a farantina. Mai dodon nan ta 1996 tana da wani ɗan ƙullutun ƙarfe a ƙarƙashin fiffiken dodon, da siririyar tsaga da ta tashi daga nan ta nufi baki. Da daɗewa bayan ta zo, wani daban ya kawo min tsabarsa, na tsinci wata mai dodo, ita kuma an rubuta mata 2001, da kan Sarauniya na bayan 1998, mai fuskar manyanta. Shekarar ma ba ta dodo ba ce. Na sa madubi a ƙarƙashin fiffike, ga ƙullutun a daidai wurinsa, ga tsagar, sai dai a wannan ta ƙara tsawo ta kai har bakin kwandalar. Hatimin baya ɗaya ne ya buga su duka biyun, ta 2001 ɗin daga baya, lokacin da hatimin ya ƙara tsagewa. Mutanen nan suna da hatiman fuska fiye da ɗaya, suna ɗaura duk wanda ya zo hannu a kan bayan da ke cikin inji, shi ya sa shekara da zane ba sa haɗuwa. Na haɗa su a ambulan ɗaya na ba su lamba ɗaya a littafi, kuma duk fam mai dodo da ta zo min yanzu, ƙarƙashin fiffiken nake fara leƙawa kafin in dubi shekara.